Haƙuri Ko Taurin Kai?

Tun muna yara ake gaya mana cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ban zo in yi jayayya da magabata ba. Tambayata ita ce: idan kasuwa ta juya wa mutum baya, yaushe ne zamansa a shago yake haƙuri, yaushe ne kuma yake zama taurin kai?

Mu ɗauki misali daga arewacin Zamfara. A shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta isa Ƙauran Namoda, garin ya zama ƙarshen layi inda ake tara gyaɗa da auduga ana lodinsu zuwa Kudu. Masu awo da dillalai da masu jakai kowa ya sami abin yi. Sai ga farin 1973, sa'an nan cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975. Wanda ya zauna gaban sikeli yana jiran jiya ta dawo, ya sha jira. Haka kuma a 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci saboda ɓarayin daji, aka katse layukan waya, har kasuwar Shinkafi mai ci ranar Alhamis ta yi tsit. Babu ɗan kasuwar da ya jawo wa kansa ko ɗaya daga cikin waɗannan masifu.

To, a ce ga wani ɗan tireda a Zurmi cikin irin wannan hali. Kayan shagonsa na ubangidansa ne da ke Gusau, yana ɗauka bashi, in ya sayar ya biya. Ciniki ya mutu, amma tukunyar gida ba ta san haka ba. Yau ya zari kuɗin cefane daga aljihun shago, gobe kuɗin magani, yana cewa Allah zai kawo sauƙi. Mutane sai su ce yana tawakkali. Ni kuwa ina ganin ya fara cin uwar kuɗi, kuma uwar kuɗin ba tasa ba ce.

Ga inda iyakar take a ganina. Mutum yana da ikon yin haƙuri da dukiyarsa har ta ƙare. Amma ba shi da ikon yin haƙuri da dukiyar wani ba da sanin mai ita ba. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, take magana a kan rubuta bashi.

Saboda haka matakin farko shi ne lissafi: nawa ne a shago, nawa ake binsa, nawa yake bi. Na biyu, ya tafi wajen ubangida ya faɗi gaskiya tun da sauran abin mayarwa. Daga nan hanyoyi suna buɗewa. Yana iya rage kaya ya tsaya ga masu fita kullum, kamar gishiri da sabulu. Yana iya neman a jinkirta masa. Yana iya canja sana'a, tun da in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Yana iya rufewa ya mai da wa kowa nasa.

Wani zai ce, ai kasuwa sai da juriya, kuma wanda ya tona cikinsa ubangida zai janye masa kaya. Gaskiya ne, hakan yana faruwa. Amma wanda ya faɗi gaskiya ya rasa shago, gobe wani zai iya ba shi kaya. Wanda ya ɓoye har ya karye, ya rasa shago ya rasa amana, kuma a kasuwanninmu amana ita ce jarin talaka.

Jama'a, abin da ke hana mutane rufe shago sau da yawa kunyar idon maƙwabta ce, suke kiranta haƙuri. Ya kamata mu daina yi wa wanda ya rufe da mutuncinsa dariya, domin dariyarmu ce take tura wasu cin amana.