Ginin Ƙasa a Mirriya: Tsakanin Almubazzaranci da Haƙƙin Rai

Idan katanga ta faɗi a tsofaffin unguwannin Mirriya, ba mai neman motar kwashe ɓaraguzai. Ana tara ƙasar a gefe har ruwa ya ɗauke, a jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake, a sake yin tubali da ita. Azarar giginyar da ta riƙe rufin kaka ita za ta riƙe na jika, don gara ba ta cika iya mata ba. Garin da ke kimanin kilomita 20 gabas da Damagaram, wanda ya yi suna da tukwane da lambuna, ya daɗe da sanin halin laka.

Abin da masana gine-gine na Turai ke fafutukar koya wa duniya ke nan a yau: a yi ginin da za a iya warware kayansa a sake amfani da su. Suna da dalili, tunda masana'antar siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Amma a Mirriya, wanda ya samu kuɗin albasa ko na ci-rani, bulo da kwano yake fara tambaya. A idon matasa da yawa, ginin ƙasa shaidar talauci ne, kuma daminar 2024 ta ƙara musu hujja: sama da mutum 300 suka rasu a Nijar, dubban gidaje suka zube, a farkon Satumba kuma tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rufta gaban idon jama'a.

To me addini ya ce? Shin mai ginin ƙasa ya fi kusa da sunna, ko kuwa yana wasa da rayukan iyalinsa ne?

Masu goyon bayan ƙasa sukan fara daga Madina. Masallacin Manzon Allah (SAW) da tubalin laka aka gina shi, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino, har ruwan sama ya taɓa zubowa ya yi sujada cikin taɓo. Sayyidina Umar ya faɗaɗa shi da irin waɗannan kayan. Sai dai labarin bai tsaya nan ba. Sayyidina Usman ya sake gina shi da sassaƙaƙƙun duwatsu da farar ƙasa, ya rufa shi da katako mai tsada, wasu suka yi gunaguni, al'umma kuma ta ci gaba da salla a ciki. Ashe laka ba ibada ba ce, dutse kuma ba zunubi ba ne. Ma'aunan da malamai suka bari guda biyu ne: hana almubazzaranci, da hana cutarwa, wanda kiyaye rai ke kan gaba a cikinsa.

A ma'auni na farko, ɗakin bulo mai rufin kwano yana da tambayoyin amsawa. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kwano ya ɗauka ya juye wa na ciki, sai mai gida ya koma kwana a tsakar gida ko ya jingina da fanka. Fanka kuwa sai da wuta, kuma mutanen jihar Damagaram ba su manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, ta sake shi da dare. Wanda ya ci bashi ya sayi siminti daga nesa don a ce ya waye, alhali ƙasar ginin na bayan gari, da wuya ya kuɓuta daga zargin ɓarnar dukiya.

A ma'auni na biyu, ginin ƙasa ne ke shan tambaya, kuma a nan ya kamata masoyansa su yi gaskiya. Soro ba ya yafe sakaci. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya mulki Damagaram daga 1851 zuwa 1884 ya kuma kewaye birnin da ganuwa, gini sana'a ce ta gado mai shugabanta, Sarkin Magina. Maginan ƙasar Hausa sun san makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame, sun san laso, sun san inda za a kafa indararo don kada ruwa ya ci gindin bango. Kowace shekara kafin ruwan farko akan yi yaɓe. Yanzu ƴaƴan magina da yawa sun koma aikin bulo, yaɓen shekara ya zama sai an ga tsaga, wasu kuma su shafe bangon ƙasa da siminti, danshi ya maƙale a ciki yana cin sa a ɓoye. Ga gidajen da aka dasa a hanyar ruwa, ga kududdufan da haƙar ƙasa ta bari suna tara sauro, ga giginya ta yi ƙaranci. Ruwan 2024 ya yi ƙarfi ƙwarai, amma ya tarar da gidaje da yawa an daina kula da su.

Nijar ba ta rasa masu nuna hanyar tsakiya ba. Tun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina rufin tubali zalla mai siffar baka da ƙubba, ba azara ba kwano. A Yama ta jihar Tawa, Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu maimakon a rushe shi, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018.

Ta yaya wannan zai isa kunnen mai gida a Mirriya? Yankin yana da nasa darasin. Daga shekarun 1980 manoman Mirriya, Magariya da Matamai suka riƙa barin gawo ya tsiro a gonakinsu, har fili ya sake yin duhu da itatuwa, kuma yawancinsu a gonar maƙwabci suka gani suka kwaikwaya. Makaranta ɗaya ko ɗakin shan magani ɗaya na ƙasa, mai tushen dutse da sanyin ciki, zai fi taron bita goma shiga zuciya.

Sauran aikin na malamai ne, kuma ba sai sun ƙirƙiro sabon hukunci ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Damagaram, mai katangar da ta karkata, aka gargaɗe shi gaban shaidu, ya samu halin gyara bai gyara ba, in ta faɗa wa mutum ko dukiya shi ke da biya. Huɗuba a kan wannan babi a watan Mayu, kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas, za ta tarar da magina ba su tafi gona ba tukuna, ƙasar yaɓe kuma tana da lokacin bushewa.