Tuta Labari Ce, Ko Alkawari?

Launi biyu ne ga tutar Nijeriya, watau kore a gefe da gefe, da fari a tsakiya. Wani saurayi Bayarabe, Taiwo Akinkunmi, shi ya tsara ta a 1959, sa'ad da yake karatu a Ingila. A zanensa har da jar rana a cikin farin, amma alƙalan gasa suka cire ta. Aka ba shi ladan fam 100, aka ɗaga tutar ran 1 ga Oktoba, 1960. An ce koren albarkar ƙasa ce, farin kuwa zaman lafiya.

To, a nan gardama take. Mutumin Riruwai yana iya cewa tutar ta manta da shi, gama abin da ya fito da sunan garinsa baƙi ne, watau kuza, wadda kakanninsa ke narkawa tun kafin zuwan Turawa. Wannan ƙara ba ta da nauyi sosai, don mai haƙar kuza ma da dawa yake tuwo. Ƙarar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta farin. Tutar ba ta cika shekara 7 a sama ba aka fara yaƙin basasa, daga 1967 har 1970. Ashe ƙyallen ya yi ƙarya ke nan?

In tuta labari ce, lalle ta yi ƙarya. Amma ba haka mutanen dā suka ɗauke ta ba. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba jama'arsa tutoci bayan 1804, ba shaidar ƙasashen da suka riga suka samu ya ba su ba. Amana ya ɗora musu, aikin kuwa yana gaba. Wanda ya karɓi tuta ya ci bashi, kuma ba a ƙaryata takardar bashi don ba a biya ba tukuna. Mai bashin ake tuhuma.

Saboda haka yaron makaranta a Doguwa da ke tsayawa cik da safe gaban tuta ba yadi yake girmamawa ba, yadin nan da kowane tela ke iya ɗinkawa. Shiga yake cikin masu biya. Haka kuma ma'aikacin da ya kafa ta a kan teburinsa, sa'an nan ya karɓi toshiya daga talaka a ƙarƙashin teburin, ya tozarta ta fiye da wanda ya bar ta ta koɗe a rana.