Wa Zai Tsaya wa Wanda Aka Kama da Ƙwaya?

Shin daidai ne lauya mai tsoron Allah ya kare mutumin da ake tuhuma da safarar ƙwaya? Da yawa za su ce a'a, fushinsu kuwa yana da dalili. Tiramol da kodin sun rushe gidaje a ƙasar Kano, har gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018.

Sai dai kamu daban, laifi daban. A Disamba 2018 aka tsare wata ɗaliba daga Kano a Saudiyya, inda hukuncin safarar ƙwaya kisa ne, domin an sami tiramol cikin jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken hukumar NDLEA ya nuna cewa waɗansu ma'aikata a filin jirgin sama na Kano ne suka maƙala sunanta a jakar da ba tata ba. An sake ta a Afrilu 2019. Da kowa ya kame bakinsa, ina za ta kwana? Ka tuna da ƙoƙon azurfa da aka samu cikin buhun Biliyaminu a Farawa sura 44. Shaida ta kama shi dumu-dumu, alhali bai ɗauki komai ba. Yahuza ne ya tsaya masa.

Irin wannan bai yi nisa da mu a Wudil ba. Ranar Juma'a kasuwa takan cika, direba yakan karɓi saƙo a tasha ba tare da ya kwance ƙullin ba. In jami'ai suka buɗe a hanyar Kano suka ga ƙwaya, wuyansa ne a igiya. Saboda irinsa sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi sai kotu ta tabbatar da laifinsa, ya kuma ba shi ikon ɗaukar lauya. Sashe na 35 ya yarje masa ya yi shiru har ya gana da lauyan. Babbar Kotun Tarayya ce take jin irin wannan ƙara. Iyalin da ba su da hali su nemi hukumar ba da agajin lauya ga marasa ƙarfi, wadda aka kafa a 1976.

To, in ya aikata fa? Har yanzu mutum ne, ya cancanci a auna masa da mudun gaskiya, ba ƙari ba ragi. Lauyansa zai iya roƙon sassauci, amma ba shi da iznin sayen shaidar zur ko miƙa toshiyar baki. Nan iyakar take.

Saboda haka, in aka kama ɗan maƙwabcinka, kada ka riga alƙali yanke hukunci. Ka ƙi ƙwayar da dukan zuciyarka, ka kuma raka mahaifiyarsa neman lauya.