Wasan Taron Jama'a Ta Intanet: Ina Sabuntarsa, Ina Amfaninsa?

 Batunmu na wannan mako shi ne irin wasan nan na kwamfuta wanda dubban mutane ke shiga lokaci guda ta intanet, kowa ya ari siffar jarumi, ko mai magani, ko ɗan kasuwa, su yi zaman tare a wata duniya ta zane. Masu sayar da shi kullum kirarinsu ɗaya ne, wai sun zo da sabon abu. A Larabce kalmar ibda'i, watau ƙago abin da ba a taɓa yi ba, tushenta ɗaya da bidi'a. Amma malamai sun rarrabe ƙago abu a cikin ibada da ƙago shi a cikin al'amuran duniya, saboda haka ba nan gardama take ba. Abin tambaya shi ne, ina sabuntar take, kuma ta isa mutum ya ba ta wani yanki na rayuwarsa?

Waɗansu sukan ce kyan zane ne. Ni ban yarda ba. Kakan waɗannan wasanni, mai suna MUD, wanda Roy Trubshaw ya fara a Jami'ar Essex ta Ingila a 1978, kana Richard Bartle ya ɗora, ba shi da hoto ko ɗaya, rubutu ne zalla, amma mutane suka riƙa raba dare a kansa. Dalili kuwa, wanda ka tarar a ciki ɗan Adam ne mai rai, yana iya taimakonka, yana iya cutarka.

Ga misali. A watan Satumba na 2005, cikin wasan World of Warcraft, wata cuta da aka shirya domin fagen yaƙi guda ta tsallake zuwa biranen wasan bisa kuskure, ta zama annoba. Sai halin kowa ya fito fili. Masu magani suka tsaya suna jinyar waɗanda ba su sani ba, waɗansu suka riƙa gargaɗin masu shigowa, waɗansu suka gudu daji, waɗansu kuwa suka ɗauki cutar da gangan suna kutsawa cikin taro. Babu wanda ya rubuta musu wannan a cikin dokokin wasa. Har masana annoba suka yi rubutu a kai a mujallar likitoci ta The Lancet Infectious Diseases a 2007. A ganina nan sabuntar take: wasa ya buɗe wa mutane filin zaɓi, har alheri ya samu wurin bayyana.

To, amma inda aka buɗe wa alheri ƙofa, ha'inci ma yakan bi. Wasan EVE Online, wanda wani kamfani na ƙasar Aisland ya fitar a 2003, ya shahara da sakar wa 'yan wasa mara. A 2005 wata ƙungiya ta cusa mutanenta cikin wata, suka yi watanni suna nuna biyayya har aka ba su mabuɗan taska, rana ɗaya suka kwashe dukiyar, suka hallaka jirgin shugabar. Kamfanin bai ga laifinsu ba. Shin wannan cin amana ne, ko wasa ne kurum?

Mai wasan dara yakan haƙa wa abokinsa tarko, ba mai zarginsa, gama su biyu sun yarda da haka tun kafin a ɗora tsakuwa. Amma wanda ya yi watanni yana gaishe ka, yana tambayar lafiyar iyalinka, domin ya samu mabuɗi, ya bar cikin gurbi ya shigo zuciyarka. Dukiyar ta zane ce, na ji, amma yardar da aka ba shi ta gaske ce. Izinin kamfani bai isa ya halatta yaudara ba.

Akwai kuma abin da ake kira sabo alhali tsohuwar caca ce da sabuwar riga: ka biya kuɗi a ba ka akwati, ba ka san abin da ke ciki ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna caca ne, hukuncin caca kuwa sananne ne gare mu.

Sauran magana ita ce lokaci, kuma nan ne abin ya fi wuya. Dara, in ladan ya yi kira, a kan bar ta a dawo. Wannan kuwa ba ya tsayawa. A farkon World of Warcraft akwai yaƙin da sai mutum 40 sun haɗu, su yi sa'o'i. In ka tashi ka bar 39 cikin wahala, kunya ta riƙe ka a kujera. Ashe jama'ar da ta ba wasan daraja ita ce igiyar da ke ɗaure ɗan wasa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka.

Saboda haka in ɗalibi ya tambaye ni ko wasa kaza ya cancanta, nakan ce ya duba yadda wasan ke yi da shi sa'ad da ya tashi. Waɗansu sukan hana ka kyautar yini in ka yi fashin rana guda, domin kada ka huta. Shi kuwa World of Warcraft, in ka kai jaruminka masauki ka kashe na'ura, yakan tara masa ƙarin ci gaba har ka dawo.