Gini Mai Rana Biyu

Akwai wani salon hoto da ya yi kasuwa a Instagram. Za ka ga dogon gini ya tsaya a kan tsininsa, tagogin dama da na hagu sun yi daidai ba bambanci ko na ƙwayar zarra, sararin sama ya maƙale a tsakiyarsa. Kada ka wahalar da kanka wajen tambayar garin da yake, babu inda aka gina shi. Mai hoton ya tsaya ne a gindin wani bene, ya ɗaga kyamara sama, ya ɗauki kusurwa ɗaya tak, sauran aikin kuma a kwamfuta ko a waya ya ƙarasa shi.

Aikin ba shi da wuya. Zai kwafi hoton ya zama biyu, ya juya kwafin dama ta koma hagu, ya manna su baki da baki. In ya ga dama ya sake kifa su sama da ƙasa, kusurwa ɗaya ta zama huɗu. Dabarar ta girme wa kwamfuta nesa ba kusa ba, don tun a 1816 wani masani ɗan Sikotland, David Brewster, ya ƙera bututun madubai da ake leƙawa a ga gutsattsarin gilashi sun zama fure. Shi kuwa Photoshop, manhajar gyaran hoto, ya fito a 1990, sai a 1994 aka ba shi damar ɗora hoto a kan hoto, kowanne a shimfiɗarsa.

A nan ne gauraya ta shigo. A wurin kwamfuta, kowane ɗigo na hoto lamba ce daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, wato fari fat. Idan aka ɗora hotuna biyu, kai ne za ka faɗa mata lissafin da za ta yi. Wanda masu sana'ar ke kira maltifilai yana ɓatar da fari ya bar duhu. Sikirin kishiyarsa ne, baƙi yake ɓatarwa ya bar haske. Na uku, difarens, cire wannan yake yi daga wancan: duk inda hotunan biyu suka zo ɗaya sai wurin ya yi baƙi, inda suka saɓa kaɗai ke haskawa.

To, abin da ya ja hankalina shi ne yadda madubi ke wanke laifi. Tsagewar bango, idan ta bayyana sau ɗaya, aibi ce. Ta bayyana dama da hagu a lokaci guda, sai ido ya ɗauka zane ne da aka yi da gangan. Tsatsar da ruwan na'urar sanyaya ɗaki ya zubo a jikin fenti ta zama ado. Tantabara ɗaya da ta sauka a kan taga ta zama biyu suna kallon juna. Amma ka duba inuwa. A rabin farko ta faɗi gabas, a rabi na biyu ta faɗi yamma, wato rana biyu ke haska gini ɗaya. In akwai allon talla, rabin rubutunsa a juye yake. Ido ba ya lura da waɗannan, don daidaiton ya riga ya sace shi.

Yanzu a gwada abin a kan ginin ƙasa, irin zauren Gidan Makama a Kano, ko tsoffin gidajen unguwar Birni a Damagaram masu zane a fuska. Ka ɗauki hoton dagi a saman ƙofa, ka juya kwafinsa, ka ɗora, ka zaɓi difarens. Da injin ne ya yi zanen, da kusan duhu kawai za ka gani. Maimakon haka sai siraran layukan haske su cika fuskar wayar. Nan hannun magini ya ɗan karkata, can zanko ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa tsawo, ga inda damina ta ci, ga inda aka yi sabon yaɓe. Tarihin ginin ke nan, kuma shi ne abu na farko da madubi ke sharewa idan aka yar da rabi aka ninka rabi.

Mu ma haka muke yi da labari. Ƙanwarka ta yi yaji ta dawo gida da kuka, ta faɗi nata. Kafin a ji ta bakin mijin, zuciyarka ta riga ta kwafi rabin da aka ba ta, ta juya shi, ta cike gurbin. Sai labarin ya fito tsaf, ba lam'a, azzalumi a gefe ɗaya, abar tausayi a ɗaya gefen. Haka gajeren bidiyon rigima da ake turowa a WhatsApp, wanda ba ka ga farkonsa ba. Ana cewa gani ya kori ji, amma rabin gani fa? Shi ya sa dattijon da ya san sulhu zai ce, “Yi haƙuri 'yata, bari a kira shi tukuna.” Ya san in aka haɗa bayanin mutum biyu, bakinsu ba zai taɓa haɗuwa daidai ba, kuma a wurin da suka saɓa ɗin nan ne zai tsaya ya yi tambaya.

Ban ce a daina wannan salon hoto ba. Fasaha ce, wasu hotunan ma sun cancanci a rataya su a bango, kuma mai yi bai yi wa kowa ƙarya ba muddin an san haɗi ne. Roƙona ga matasanmu masu ɗaukar hoto ɗaya ne: idan ginin tarihi kuka ninka, ƙofar gari ko fada ko tsohon masallaci, ku rubuta a ƙasa cewa haɗi ne, ku kuma saka hoton asalin kusa da shi.