Ɗana, kada ka sayar da gawon gonarka

Ɗana, zauna mu yi magana. Na ga babur ɗinka, na ga sabuwar wayarka, kuma wallahi na yi murna. Mu da muka sha tafiyar ƙasa tsakanin Dingyadi da Bodinga ba za mu yi wa kowa baƙin cikin abin hawa ba. Abin da ya hana ni barci shi ne labarin da na ji, cewa kana cinikin gawon nan na tsakiyar gona da masu gawayi domin ka cika kuɗin kayan lefe.

Na san dalili. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya yi tsada, gidaje da yawa a birnin Sakkwato suka koma girki da gawayi, ice ya yi kuɗi. Amma ka san aikin da gawon nan yake yi maka? Da damina, sa'ad da sauran itatuwa ke rufe shuka da inuwa, shi kaɗe ganyensa yake yi, rana ta samu gero, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani kuma ya yi kore, tumaki su kwanta a ƙarƙashinsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Je ka dubi zangarniyar da ke gindinsa, ka gwada ta da ta bakin gona. Yau da buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka, wannan ne za ka mayar toka cikin mako guda? Lefe zai tsufa cikin akwati, gawo kuwa sai an yi shekaru kafin wani ya kai girmansa.

'Yan'uwanmu na Maraɗi sun riga mu shan wannan wuya. Bayan farin 1973 da na 1984, iska ta riƙa binne musu shuka da rairayi. Sai suka koma abin da suke kira sassaben zamani: in kututture ya yi toho, ba a sare shi duka, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari su girma. Da haka ƙasar da ta kai hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram ta sake yin itatuwa, kuma suna samun icen girki har su sayar, ta hanyar sassaƙe rassa kawai.

Wani abin da ke cutar da gona da dabbobinmu kuma shi ne leda. Kowane cefane da tasa, kowane biki da tarin ledar ruwa. Tana tafiya juji, mu kwashe jujin a jaki mu kai gona da sunan taki. Tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin tunkiyar da ta rame ba ciwo. Ruwanda ta hana leda tun 2008, kasuwanninta ba su mutu ba. Kwandon kaba da faifan da iyayenka mata ke saƙawa suna nan, kuma kuɗinsu a garin nan yake tsayawa.

Ka nemi arziki, ɗana, ka sayi abin da ƙarfinka ya kai. Amma ka mayar wa mai gawayi kuɗinsa, ka rage akwati ɗaya daga lefen, ni zan je in yi wa surukanka bayani. In lokacin sharar gona ya zo bana, ka kira ni mu zaga tare, in nuna maka tohon da za ka bari.