Dokar Takarda Ba Ta Tsare Ruwa Sai Da Tsoron Allah

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya saukar da ruwa Ya raya ƙasa da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a shekarar 1992 aka gama gina madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, manoman rani da masunta suka sami abin yi. Amma ni'ima tana tafe da amana. Idan aka sassare itatuwan gaɓa, aka yi noma har bakin ruwa, damina sai ta kwashe ƙasa ta zuba a madatsar, ta riƙa cikewa da yashi. Can ƙasa kuma, mutanen fadamun Haɗejiya da Nguru sun ga ruwan da ke malalo musu ya ragu tun da aka datse Tiga da Challawa.

Ba a rasa dokoki ba. A 1992 ɗin nan aka kafa doka mai lamba 86, wadda ta wajabta a binciki illar babban aiki kafin a fara shi. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma kare ruwa da daji, amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta mata cika wannan alkawari. Ga shi ma'aikacin daji ba ya kwana a gindin kowace bishiya.

Shari'a ta riga ta yi maganin wannan. Ta sanya wa rijiya da kogi harimi, wato filin da ke kewaye da su, wanda ba a yarda wani ya mallake shi ya cuci jama'a ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya bayyana waɗannan hukunce-hukunce cikin littafinsa Ta'alimur Radi.

Saboda haka ya kamata hakimai da dagatai da limaman Ƙaraye da Rogo su zauna da manoma, a shata harimin kowane rafi, a dasa itatuwa, a faɗa a kan mumbari cewa cinye shi zalunci ne. Mai gatari yana iya ɓuya wa ma'aikaci, amma ba ya ɓuya wa Ubangijinsa.

Allah Ya ba da ikon riƙon amana, amin.